Alhaji ya kai madam lilo a Abu Dabi: shaƙatawa ce ko ɓarnar kuɗi?

Alhajin Wadata: Assalamu alaikum ƴan fada. Tun da na sa hoton nan mai jan rufi ake ta damuna da tambaya, wasu da gaske wasu da zolaya, to bari in zuba labarin a nan kowa ya huta. Tafiyar nan ta Dubai da madam muka yi ta. Kun dai san yadda zuwanmu yake: a sauka, a kama otal a Dera, daga shagunan Naif zuwa wajen masu kargo, daga can sai masallaci, a ci shinkafa a kwanta. Shekara da shekaru ina shiga garin nan, amma ban da lungunan kasuwa ba abin da zan iya nuna wa mutum. Da muka gama ɗaure kaya sai na ce mata gobe ba sayayya, ba sallahun kowa.

Da sassafe muka ɗauki mota zuwa Abu Dabi, wajen awa ɗaya da rabi, har tsibirin da ake ce wa Yas. Wuraren wasa ne a jere. Muka fara da Ferrari World, shi ne mai jan rufin, an buɗe shi tun 2010. Kusan komai a cikin gini yake, da sanyin kilim, sai manyan lilon da ke fita waje su dawo. Akwai wanda suke kira Formula Rossa. Jama'a, wannan sunan lilo kawai ya ara. Kujeru ne a kan dogo, a ɗaure ka, a ba ka tabarau mai roba saboda ƙura da ƙwari, sannan a harba ku. Daga tsaye cik zuwa gudun kilomita 240 a awa, daƙiƙa biyar ba ta cika. Na buɗe baki zan yi salati iska ta maido mini da shi ciki.

Bayan azahar muka tsallaka Warner Bros. World, na 2018, yana nan kusa, akwai bas da ke zagawa tsakaninsu kyauta. Shi duka a cikin gini yake, har sararin sama suka zana a rufin, kana ciki ba ka sanin rana ta yi ko ta faɗi. Wasannin can sun fi taushi, na ƴan katun ne da yaranmu ke kallo. Nan madam ta fi sakewa. Da yamma muka koma Dubai, muka shiga jirgin ruwa na katako a mashigin tekun da ya raba Dera da Bur Dubai, aka ci abincin dare ana tafiya a hankali, wani mutum ya fito ya yi ta juyi da wani ƙaton siket mai fitilu har na fara jin jiri a madadinsa. Iyakar labarin ke nan. Mai tambaya ya yi.

Mushe na Talaje: Wa alaikumus salam Alhaji, barka da dawowa. Tambayata ɗaya ce, kuma kar a ji haushi. Nawa ne shiga?

Alhajin Wadata: Mushe, da ma na san kai ne za ka fara. Tiken wuri ɗaya ya haura dirhami 300 ga mutum ɗaya. In ka haɗa wurare biyu a tike guda ana samun sauƙi a kan ka saye su daban daban.

Mushe na Talaje: To mu yi lissafi irin na ƴan lakwal. Dirhami ɗaya, kuɗin can, wajen dala talatin ne a kuɗinmu, wato sefa 150. Dirhami 300 ya kama jikka arba'in da biyar ke nan, wato sefa dubu arba'in da biyar. Mafi ƙarancin albashi a nan Nijar, bayan ƙarin da aka yi, jikka arba'in da biyu ne. Wato ƙofar shiga kaɗai, ta mutum ɗaya, ta ci watan wani gardi ko wata ƴar aiki, ba a yi maganar mota da abinci da jirgin ruwa ba. Ban ce ka saci kuɗin kowa ba. Amma ni zuciyata ba za ta bar ni in ba da wannan don a jijjiga ni na minti biyu ba.

Hajiya Mai Turare: Mushe, da girmanka, wannan lissafin ba ku tashi yin shi sai ranar da aka kashe wa mace. Namiji ya canza salula ta jikka ɗari uku, shiru. Ya sayi rago uku da salla don maƙwabta su gani, shiru. Ya je ya ƙaro aure ya zubar da miliyoyi a kan akwati da ƴan kiɗa, sai ku ce sunna ce. Yau bawan Allah ya ɗauki matar da ta haifa mishi ƴaƴa ya kai ta ta yi dariya wuni ɗaya, an fito da alli da allo. Ni ina zuwa Dubai sarin turare da atamfa, kuma ina ganin matan da mazansu ke zuwa da su. A ɗaki ake barin su, ko a mai da su masu gadin kaya a bakin shago. Wata har ta koma gida ba ta ga teku ba, alhali tafiyar ƙafa ce daga otal ɗinta. Jirgin abra da ke tsallaka ruwan nan dirhami ɗaya ne tak, shi ma ba a kai su.

Mushe na Talaje: Hajiya, ni salulata ta shekara biyar, gilashinta ma a fashe yake. Ba da ni kike ba.

Hajiya Mai Turare: Da ƴan uwanka nake.

Ɗan Adar: Ku dakata in ba ku nawa, don ni anka cuta, ba Alhaji ba. Shekaran bara munka tahi da uwargida. Wani yaro bakin otal ya ce muna akwai hita daji, a ga hamada, a ci abincin dare, a kalli wasa. Munka biya. Mota ta zo kahin la'asar. Da munka bar gudoro direba ya tsaya ya rage iskar tayoyi, ya shiga hawa tudun rairayi yana gangarowa, Turawan da ke bayanmu suna ta kuwwa suna ɗaukar hoto. Ni ina zaune ina tunanin wanga abu shi ne hanyar Cintabaradan, wadda in mun bi ta sai mun kwana muna shafa man zafi.

Ba a nan ta tsaya ba. Da munka isa zangon sai anka ce a yi layi za a hau raƙumi. Ni da na tashi ina bin babana kasuwar Badagishiri, raƙuma sun hi ƙarhin ƙirga, yau in yi layi bayan wani Bature don a zagaya da ni taku ashirin. Uwargida ta dube ni, na dube ta, dariya ta hana mu tsayuwa. Mai raƙumin ya ce mi ya faru, na ce mishi babu komi, akalar ce ka riƙe ba daidai ba.

Alhajin Wadata: Allah ya shirye ka Ɗan Adar. To abincin fa?

Ɗan Adar: Nama dai an gasa, amma wanda ya san balangun Tawa ba ya ce komi ba. Abin da ya tashe mu shi ne bayan mai juyin nan da mai wasa da wuta, sai ga mace ta hito rawa da shigar da ba ta kamata ba. Ba wanda ya gaya muna akwai wannan. Uwargida ta ce tashi, na tashi. Munka koma mota munka zamna har anka gama.

Malam na Bukoki: Salamu alaikum. Na karanta duka. Abin da Ɗan Adar ya faɗa a ƙarshe shi ne inda ya kamata a tsaya a kai, fiye da maganar kuɗi. Mutum ya fita da iyalinsa don ya faranta mata, wannan ba abin zargi ba ne. Ya tabbata Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha a halin tafiya, kuma ya tsaya ya kāre ta tana kallon Habashawa suna wasa da māsu a masallaci ranar idi, har sai da ita ta ce ya ishe ta. To wanda ya ce fita da mace kallo baƙon abu ne a addini, bai bincika ba.

Almubazzaranci kuwa, Mushe, ba a auna shi da albashin wani. Ana duba mai kashewar: ya fitar da zakka? Akwai bashi a kansa da ya danne? Gidansa da iyayensa sun ƙoshi? In waɗannan sun daidaita, abin da ya kashe a halal nasa ne. In kuwa bashi ya ci ya je don a gan shi a hoto, ko dala biyar ce ta zama ɓarna. Alhaji ya fi mu sanin aljihunsa.

Sai dai a riƙa tambaya kafin a biya. Me za a nuna? Ana sayar da giya a wurin? Wasu jiragen ruwan suna yi, wasu ba sa yi. Sannan salla. Alhaji, yaya kuka yi da azahar da la'asar?

Alhajin Wadata: Allah ya gafarta Malam, akwai ɗakin salla a cikin wuraren, na maza daban na mata daban, da wurin alwala mai tsabta. Ba mu sha wahala ba ko kaɗan. Magariba a hanya muka tsaya. Jirgin kuma na tambaya tun kafin in biya, aka ce mai juyi ne kawai, namiji, kuma haka aka yi.

Malam na Bukoki: Madalla. Ga masu zuwa, a tuna a mazhabarmu ta Malikiyya wanda ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari ya fita daga hukuncin matafiyi, sai ya cika salla. Da yawa suna yin mako biyu a Dera suna kasaru. Shi kuma juyin nan da kuka gani, tanura, ba na mutanen Dubai ba ne, daga Masar aka kawo shi, can ma daga juyin zikirin wasu sufaye aka samo shi, irin na mabiya Jalaluddin Rumi a Konya ta Turkiyya. Abin da ya fara a zawiya ne ya ƙare a gaban masu cin shinkafa. Ban yi hukunci ba, labari na bayar.

Mushe na Talaje: Na karɓi maganar Malam a kan aljihu. Amma bari in sake ta wata fuska. Me ya sa sai an je ƙasar wasu ake tuna mace na son fita? Gidan tarihi na Bubu Hama yana nan tsakiyar Yamai tun 1959, ga zakuna, ga dorina, ga ƙasusuwan dabbobin dā da aka tono a arewa, ga maƙera da masu dukanci suna aiki a gabanka. Kuɗin shiga bai kai na faranti ɗaya na dambu da kifi ba. Raƙuman dawa na Kure, irinsu ba su saura ko'ina a Afirka ta Yamma sai wurinmu, kilomita sittin ne daga nan, ko da yake yanzu sai an duba maganar tsaro. Ga kogin Isa, a ɗauki kwalekwale da yamma a zaga. Cikinmu nan wa ya taɓa kai matarsa ɗaya daga cikin waɗannan ba da yara ba, ba kuma ranar salla ba? Ni ma ban ware kaina ba.

Ɗan Adar: Ka manta da kokowa, Mushe. A Tawa anka hwara gasar kokowa ta ƙasa, wadda ake cin takobi, a 1975. In wasa da abinci kake so, ka zo lokacin, ka sayi tsirenka ka zamna, makaɗa na kiɗa, ƴan kokowa na kirari. Babu mai juyi da siket da zai kai wannan.

Hajiya Mai Turare: Filin kokowa da turereniyar nan za ka kai mace? Kai dai Ɗan Adar a bar ka da raƙuminka.

Maman Ƴan Biyu: Salamu alaikum. Ina ta karantawa na yi shiru, amma tunda da ni ake bari in sa baki. Ni ce madam ɗin da ake magana.

Na farko, Alhaji bai faɗa muku ba, shi ne ya ce mu fasa da muka kai gaban layin babban lilon. Ni na ce mun riga mun biya. Na ɗaure hijabina tamau na cusa bakinsa cikin riga, don duk abin da iska za ta iya fizgewa sai an ɗaure ko an ajiye. Da muka sauka ƙafafunsa ba su ɗauke shi ba sai da ya zauna. Wannan ke nan.

Na biyu, Mushe, tambayarka gaskiya ce, kuma ina da amsarta. Baban yara ya taɓa kai ni bakin Isa da yamma. Daga inda muka ajiye mota zuwa bakin ruwa ya gaisa da mutum ya fi goma. Wannan abokin kasuwa, wannan yana bin wani bashi yana so a sa baki, wannan ɗan garinsu ne. Ni ina gefe ina jira, ya bar tazara tsakaninmu don kar a ce. Kafin mu zauna salula ta yi ƙara, kaya sun iso kasuwar Katako, muka juya. A Yamai Alhaji ba nawa ba ne, na jama'a ne, kuma ban ce laifi ba ne, da haka muke ci.

A can ba wanda ya san shi. Aka ce a sa salula da jaka a akwatin ajiya kafin a hau, ya sa, ya kulle. Ya riƙe mini takalmi. Muka tsaya a layi kusan awa ɗaya ba abin yi sai hira, har labarin zamanmu na gidan haya a Lazare ya tuno, abin da na zaci ya manta. Tun da aka haifi ƴan biyu ban tuna ranar da muka yi magana mai tsawo haka ba wadda ba ta kuɗin lakwal ko ta cefane ba. In ka tambaye ni lilon ko layin, zan ce maka layin.

Hajiya Mai Turare: Ƙanwata, Allah ya yi miki albarka. Ku ji fa, maza.

Alhajin Wadata: Maganar ƙafa ba haka take ba, tansiyona ne na tsaya in saurara. Kuma a rubuce yake a bakin ƙofa, mai hawan jini da mai ciwon baya ko zuciya da mace mai ciki kar su hau. Wannan ba wasa ba ne, duk mai zuwa ya kiyaye.

Mushe na Talaje: Maman Ƴan Biyu, kin ba ni amsa, ban da ta cewa a kan wannan. Amma kin ga abin da kika faɗa ya ƙara mini ƙarfi ta wani gefen. In sai an yi biza da kuɗin jirgi kafin namiji ya riƙe wa matarsa takalmi, to mu masu albashi matanmu sun shiga uku. Abin da ya hana a nan kunya ce da tsoron a ce mijin-ta-ce. Wannan kuwa ba Abu Dabi ce za ta gyara shi ba.

Malam na Bukoki: Kunya alheri ce, amma ba kowace ba. Wadda za ta hana mutum kyautata wa iyalinsa a fili alhali ba ta hana shi daka mata tsawa a fili ba, a sake mata suna.

Ango Mai Jiran Rana: Iyayena da yayyena, ku yi haƙuri in shigo. Bikina bayan babbar salla ne in sha Allah, kuma kawuna da ke aiki a Sharja ya ce in mun samu kuɗin jirgi masauki nasa ne. Wane lokaci ya fi? Kuma wuni ɗaya ya isa wurare biyu kamar yadda Alhaji ya yi?

Alhajin Wadata: Ƙanena, Allah ya sa alheri. In kana da zaɓi ka jira sanyi, daga Nuwamba zuwa Maris. Daga Yuni zuwa Satumba zafin can ya haura digiri 40, kuma ba irin namu ba ne busasshe, da laima yake, ka fito daga mota tabarau ya yi gumi. Wuraren biyu da muka je a cikin gini suke, amma babban lilon waje yake fita. Kar ka je Asabar ko Lahadi, tun 2022 suka mai da hutun makonsu waɗannan ranakun, Juma'a kuma ma'aikatan gwamnati a Dubai da Abu Dabi rabin wuni suke aiki. Talata ko Laraba layi ya fi sauƙi. Ka sayi tike ta intanet tun kafin ka tashi. Wurare biyu a wuni ɗaya ana yi, amma gudu ne, mun bar abubuwa da yawa ba mu gani ba, kuma komawa Dubai da yamma akwai cunkoson motoci, da ƙyar muka riski jirgin. Kai da za ka taso daga Sharja tafiyarka ta fi tamu tsawo. Ka raba su, wasa yau, abincin dare gobe.

Maman Ƴan Biyu: Ka kuma tambayi amarya abin da take so kafin ka saya. Wata ba ta son a juya ta sama da ƙasa, babban masallacin Shaihu Zayid za ta fi so, yana nan Abu Dabi kuma shiga kyauta ne. Ta tafi da takalmi mara tsini. Kar ta ci abinci mai nauyi kafin hawa.

Hajiya Mai Turare: Ka gaya wa mutanen gida kiran WhatsApp ba ya shiga a can, sai saƙon rubutu da na murya. In ba haka ba uwar amarya za ta ce ka sayar mata da ɗiya.

Ɗan Adar: In kuma yaron bakin otal ya ce maka raƙumi, ka ce mishi kana da kawu a Tawa. Ka kawo amarya Abalak bayan damina, in sa a ɗora ku tun sahe har ku ce a sauke ku, ko dala ba ni karɓa.

Mushe na Talaje: Ni dai na yanke, Lahadi mai zuwa zan kai matata gidan tarihi, ba yara. Wanda ya gan mu ya yi kamar bai gan mu ba, kar a zo mini da gaisuwa.

Maman Ƴan Biyu: Alhaji, ka ji Mushe. Mu ma Lahadin kwalekwale.

Alhajin Wadata: Lahadi ina jiran kiran mai kargo.

Hajiya Mai Turare: Af, kun tuna mini. Alhaji, taka kwantenar ta bar Lome? Ni tawa kwantenar tun watan jiya ake ce mini tana jiran ayarin rakiya a Burkina, kuma masu turaren wuta sun fara yi mini waya.